YADDA ZA MU GYARA WA MAI KOYON ZANE BA TARE DA MUN KARYA MASA GWIWA BA

Wannan shi ne cikakken jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu, tsohon malamin firamare, ya gabatar a taron zumuncin 'yan asalin Itas da kewaye mazauna garuruwan kudu, wanda aka yi a garin Itas bayan Babbar Sallah. Mun buga shi ne saboda iyalan da ba su samu zuwa gida ba.

 



Kwamitin mujallar ƙungiya ya ɗora mini nauyin in duba wani labari cikin zane, wato katun, wanda ɗaya daga cikin 'ya'yanmu ya zana domin shafin yara, in kuma faɗi ra'ayina. Yaron ya kammala sakandare, bai taɓa shiga ajin koyon zane ba, kuma wannan ne aikinsa na farko: shafi shida, da fensir da biro. Na nemi izininsa da na mahaifinsa in yi maganar a bainar jama'a, suka amince, domin abin da zan faɗa masa zai amfani sauran yaran da ke zane a bayan littafin lissafi, zai kuma amfani iyayen da ba su san me za su ce musu ba.

ME YA HAƊA ZANE DA MAGANAR HAƘƘI?

Wani zai ce, mujallar da aka kafa domin kare haƙƙinmu, ina ruwanta da zanen yara? Amsar tana cikin Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka zartar ranar 20 ga Nuwamba, 1989, Nijeriya kuma ta amince da ita a 1991. Sashe na 13 ya ba yaro damar bayyana tunaninsa da baki, ko a rubuce, ko ta hanyar fasaha irin ta zane. Sashe na 17 ya buƙaci gwamnatoci su ƙarfafa wallafa littattafan yara, su kuma kula da buƙatun harshe na yaran da al'ummarsu ba ta da rinjaye a inda suke zaune. Sashe na 31 ya yi magana a kan haƙƙin wasa da hutu da shiga harkokin al'adu. Bugu da ƙari, Gwamnatin Tarayya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Jiharmu ta Bauchi kuma ta samu tata dokar kare yara a ƙarshen 2023.

To, jama'a, ku dubi gidajenmu na can. Yaron da aka haifa a Sabo ta Ibadan ko a Agege yana jin Hausa a ɗakin mahaifiyarsa, amma da wuya ya ga an rubuta ta. Littafin makaranta da Turanci yake, allon kasuwa da Turanci ko Yarbanci, katun ɗin da yake kallo a waya daga Amurka ko Japan ya fito. Shafi guda na zane da Hausa, wanda yaro zai ɗauka da kansa ba tare da an tilasta masa ba, yana iya zama karatun Hausar boko na farko da zai yi a rayuwarsa. Wannan shi ne abin da ke hannun wannan yaro namu, shi ya sa ba zan yi masa sassauci irin na ganin ido ba.

HANYAR DA WASU SUKA RIGA SUKA BI

Ɗana, ka sani kana da magabata. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, masu buga littattafan Hausa suka gane cewa hoto yana jan mai koyon karatu. Dattawan da ke nan za su tuna da ɗan littafin zanen nan na Sauna Jac da aka buga a Zariya. A kudu, Akinola Lasekan ya yi suna da zanen siyasa a jaridar West African Pilot tun kafin samun 'yancin kai. Wale Adenuga ya fito da mujallar Ikebe Super a 1976, wadda a cikinta Papa Ajasco ya shahara, ya kuma yi wa yara mujallar Binta. A zamaninmu kuwa, Mustapha Bulama ya nuna wa duniya, ta hanyar zanensa a jaridar Daily Trust, cewa ɗan Arewa yana iya cin abinci da alƙalamin zane cikin mutunci.

ABIN DA LABARIN YA ƘUNSA

Ga waɗanda ba su gani ba, labarin wata yarinya ce da yayanta, an haife su a wani gari na kudu. An kai yarinyar makarantar firamare, shugaban makaranta ya ce sai ta kawo takardar shaidar asali. Mahaifinsu ya aiko su gida Itas wurin kakarsu. A nan kuma yaran unguwa suka riƙa yi musu dariya saboda Hausarsu ta gurɓata, suna kiran su 'yan kudu. A shafin ƙarshe wani dattijo ya tara yaran ya yi musu nasiha, labari ya ƙare.

ABIN YABO

Yabon gwani ya zama dole, kuma da shi zan fara. Na farko, ka zaɓi labarin da ka sani, wanda rabin yaran da ke zaune a nan suka ɗanɗana: a can a ce maka baƙo, a dawo gida a ce maka ɗan kudu. Manya da yawa sun yi rubuce-rubuce a kan ɓangaren farko, har ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kansa a 2006, amma ɓangare na biyu, wanda laifinmu ne mu na gida, ba kasafai muke faɗar sa ba. Kai ka faɗa.

Na biyu, akwai wani akwati a shafi na huɗu wanda babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Yarinyar tana tsaye a bakin zaure ta sunkuyar da kai, yaran unguwa suna can nesa, hannun kakarta ya shigo daga gefe riƙe da ludayin fura. Na ba jikokina uku shafukan nan, dukansu a wannan akwati suka tsaya suka yi shiru. Wanda ya iya zana wannan ya riga ya samu abin da ba a koyarwa. Sauran duk gyare-gyare ne, da koyo kuwa akan iya.

GYARA NA ƊAYA: MAGANA TA YI YAWA

A shafi na biyu na ƙirga kalmomi 46 a cikin balan-balan guda na magana, har ya danne kan mai maganar. Yaro ɗan aji uku da ya ga wannan tsallakewa zai yi. Ka yi ƙoƙari kada magana guda ta wuce kalmomi 12 zuwa 15, kuma abin da hoto ya riga ya nuna kada baki ya maimaita. Idan mun ga hawaye, ba sai yarinya ta ce tana baƙin ciki ba. Haka nan, ka fara rubuta maganar tukuna sannan ka kewaye ta da balan-balan. Kai ka fara zana balan-balan ne, shi ya sa haruffan ƙarshe suka takure kamar fasinjojin motar kasuwa.

GYARA NA BIYU: INA IDO ZAI BI?

Rubutun boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka wanda ya fara magana shi ake tsayarwa a hagu, ko a ɗora maganarsa sama da ta abokinsa. A wurare uku amsa ta zo kafin tambaya. Ka tuna yawancin yaranmu da allo suka fara karatu, idonsu ya saba tasowa daga dama, don haka suna buƙatar hanya a share fiye da kowa. Ka bar fili tsakanin akwati da akwati, ka ja layukan da rula, kuma kada ka wuce akwati shida a shafi ɗaya.

GYARA NA UKU: FUSKA TA RIƘA ZAMA ƊAYA

Yayan yarinyar ya canza kama sau huɗu cikin shafi shida, har jikata ta tambaye ni ko wani yaro ne daban. Maganin wannan sauƙi gare shi. Ka ware takarda guda ga kowane ɗan wasa, ka zana shi ta gaba da ta gefe da ta baya, yana dariya, yana fushi, yana gudu, ka liƙa a bango inda kake aiki. Ka ba kowa alamarsa: wannan wushirya, wannan kallabi mai ɗigo-ɗigo, wannan hular da ta fi kansa girma. Kada ka ji tsoron sauƙaƙa zane. Charles Schulz na Amurka ya zana katun ɗinsa na yara mai suna Peanuts daga 1950 har zuwa 2000, da 'yan layuka kaɗan, kuma yaran nasa kowa yana gane su daga nesa.

GYARA NA HUƊU: WANNAN BA ITAS BA CE

Gidan kakar da ka zana yana da rufi mai tsini da bututun hayaƙi, itatuwan kuma irin na ƙasashen sanyi ne. Daga talabijin ka ɗauko su. Ina rumbu? Ina danga? Ina kuka da giginya, ina amalanken shanu da ke dawowa daga fadama? Yaron da bai taɓa zuwa gida ba, a shafinka zai fara ganin garin ubansa, to ka nuna masa gaskiya. Kafin ka koma, ka ɗauki littafi da fensir ka zauna a ƙofar gida, ka shiga kasuwa, ka je Gadau da Azare, ka zana abin da idonka ya gani, ko da hoto goma ne a rana. Haka ma garin kudun, mu ga rufin kwano mai tsatsa, da motar danfo, da kwandunan tumatir da albasa da iyayenku ke saukewa. A 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiya a kan wannan ra'ayi: a koyi dabarar Turawa, amma a zana da idon gida. Mu ma muna da gadonmu, zayyanar allo, da adon bangon zaure, da ɗinkin aska takwas, da sassaƙen ƙwarya.

GYARA NA BIYAR: HAUSAR

Ka bar ƙugiyar haruffa gaba ɗaya. A shafi na biyar ka so ka ce ƙura ta tashi bayan babur, sai ka rubuta kura, jikana yana ta neman inda dabbar ta ɓuya. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa. Tunda da hannu kake rubutawa, ba ka da uzurin na'ura. Amma akwai inda zan ce ka ƙara. Ka bar kakar ta yi Guddirancinta kamar yadda tsofaffinmu ke yi, ka bar yarinyar ta yi Hausarta ta kudu mai gauraye, domin a nan daɗin labarin yake. Bayanin mai ba da labari shi ne za ka rubuta da daidaitacciyar Hausa.

GYARA NA SHIDA: SHUGABAN MAKARANTA

Wannan shi ne mafi nauyi, ina roƙon kowa ya saurara. Ka zana shugaban makarantar da ƙaton hanci da haƙora a waje, ka sa masa tufafi da tsagar fuska na wata ƙabila da kowa zai gane. Wannan hoto ba zai shiga mujallarmu ba, ga kuma dalilai.

Na farko, abin da ya cuci yarinyar tsari ne na wariya, wanda sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya haramta, bayan sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so. Idan ka ɗora laifin a kan fuskar ƙabila guda, ka koya wa yaro ƙin maƙwabcinsa, kuma ka yi wa wasu abin da muke kuka ana yi mana. Mai zanen Tintin na ƙasar Beljiyam ya zana mutanen Kwango da irin wannan kama a 1930, har yau ana yi wa wannan littafi tofin Allah tsine, duk da shahararsa.

Na biyu, mu da ke zaune a garin wasu mun san farashin zane. A watan Satumba na 2005 wata jarida a Denmak ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. A watan Fabrairu na 2006 rikici ya ɓarke a Maiduguri, 'yan kwanaki kaɗan kuma ramuwar gayya ta faɗa kan 'yan Arewa mazauna Anaca. Akwai waɗanda ke zaune a wannan rumfa da suka bar dukiyarsu a can, akwai waɗanda ba su dawo ba. Mujallarmu tana shiga shago da tasha da gidan haya, wanda bai iya karanta Hausa ba yana iya karanta hoto. Magana zarar bunu ce, zane kuwa ya fi ta daɗewa.

Shawarata, ka zana shi mutum kamar kowa, ga tarin takardu a gabansa, ko ma ka nuna hannunsa kawai yana turo fam. Sa'an nan ka ƙara wata ƙawa ga yarinyar daga cikin 'yan garin, wadda za ta yi kewarta in ta tafi. Dukanmu muna da irin waɗannan maƙwabta.

Har ila yau ka binciki gaskiyar lamarin. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ga kowane yaro. Inda takardar asali ta fi cizo shi ne wurin neman tallafin karatu, da kuɗin manyan makarantun jihohi, da ɗaukar aiki. Labarinka zai fi ƙarfi idan yayan ne aka hana tallafi, mu kuma mu ga abin ta idon ƙanwarsa.

GYARA NA BAKWAI: ƘARSHEN LABARI

Shafin ƙarshe wa'azi ne, dattijo yana magana, yara sun yi jugum. Yara suna da masu yi musu nasiha da yawa. Abin da suke so a labari shi ne su ga ɗan'uwansu yaro ya warware matsala da kansa. Ka dubi Meena da Sara, 'yan matan zanen da hukumar UNICEF ta fito da su a shekarun 1990, ɗaya a kudancin Asiya, ɗaya a gabashi da kudancin Afirka. Batun haƙƙin 'ya mace suke yi, amma da dabararsu suke fita daga matsala, ga aku da biri suna ba da dariya. A tatsuniyoyinmu ma, Gizo bai taɓa tsayawa ya yi huɗuba ba. Me zai hana yarinyar ta koya wa yaran unguwa wani wasa da ta zo da shi daga kudu, su kuma su koya mata gaɗa? Kuma a sa abin dariya ko da ɗaya a kowane shafi.

GA IYAYE

Wasu iyaye sun tambaye ni hukuncin zana abu mai rai. Ni ba malamin fiƙihu ba ne. Abin da na sani shi ne malamai sun yi saɓani, wasu sun tsananta, wasu sun yi rangwame ga abin da ake yi domin wasa da koyar da yara, suna kafa hujja da 'yan tsanan Nana A'isha, Allah ya yarda da ita. Kowane magidanci ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa, cikin natsuwa, maimakon yaga takardar yaro a gaban ƙannensa.

Idan yaro ya kawo maka zanensa, ka ajiye abin da kake yi ka karanta har ƙarshe. Ka tambaye shi me yake nufi kafin ka faɗi naka. Ka nuna masa wuri guda takamaimai da ya burge ka, domin "ya yi kyau" kawai ba ta koya wa kowa komai. In za ka gyara, ka ɗauki abu ɗaya ko biyu. Ni na kawo bakwai ne saboda aikin bugawa za a yi, kuma mai shi ya nema. Kada ka karɓi fensir ka gyara masa da hannunka, kada kuma ka gwada shi da ɗan wane. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

HAƘƘIN MAI ZANE DA SHAWARA GA ƘUNGIYA

Ɗana, a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, zanenka naka ne tun daga lokacin da ka zana shi, ba sai ka yi rajista ba. Ka sa hannu da kwanan wata a kowane shafi, ka riƙe na asali, ka ba da kwafi. Ka zana da girma a kan farar takarda marar layi, ka bi fensir da baƙar tawada, domin fensir da shuɗin biro suna dushewa a injin kwafi. In ka gama, ka ba yara biyar 'yan shekara 8 zuwa 10 su karanta, ka yi shiru ka lura da inda suka yi dariya da inda suka ruɗe. Su ne alƙalanka na gaskiya, sun fi ni.

Ga kwamiti kuwa, ina ba da shawara uku. A ba shi wata biyu ya sake zana shafukan, a buga su da sunansa. A biya shi ladan aikinsa komai ƙanƙantarsa, a kuma saya masa takarda da tawada, domin bai dace masu neman haƙƙi su ci gumin yaro ba. Sannan a buɗe shafin ga sauran yara, maza da mata, daga kowane reshe.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu a duk inda muke, ya mai da kowa gidansa lafiya.